Baba Zai Tafi Garin Ruwan Zafi

Wayyo Fadeke, an yi! Wallahi an yi! Matso nan bayan aji kafin a buga ƙararrawa. Babanmu zai tafi Turai!

Daina yi min wannan kallon. Baba Haladu dai da kika sani, mai yi wa Baturen kuza aikin lambu a unguwar Rayfield. Shi ɗin.

A falon Madam, matar Baturen, akwai wani hoto a bango. Garinsu ne. Ɗan ƙaramin gari, tsoho tukuf, gidajen dutse a jere sun lanƙwasa kamar jinjirin wata. Ga wani tafki an kewaye shi da ginshiƙai, yana ta tururi. Nwabueze kukun gidan ya taɓa gaya wa Baba wai ruwan zafi ne ke ɓulɓulowa daga ƙasa, ba itace, ba tukunya, ba mai hura wuta, mutane daga ko'ina suna zuwa kallo.

Tun daga ranar Baba bai koma daidai ba. Kin san shi da sanyi. Tun da damina ta kankama, in Inna ta ajiye masa bokiti sai ya tsoma yatsa ɗaya, ya yi salati, ya ce gobe. A wurin aiki kuwa sai ya jingina da taga yana kallon hoton nan, yana cewa, "Allah, ko sau ɗaya ne."

To ran Asabar na kai masa abinci. Duk satin kashin shanu yake zuba wa furanni. Yana tsaye a bakin taga, sai ga Madam ta fito. Ta tsaya can nesa, kin san Turawa da kunya. Ta nuna shi da yatsa, ta ce, "Haladu, go!" Sai ta kira sunan garin!

Da kunnena, Fadeke! Sunan da ke rubuce a ƙarƙashin hoton, na sha karanta shi ta taga. Baba ba ya jin Turanci, ya ce, "Safara'u, me ta ce?" Na ce, "Baba, ta ce ka tafi garinsu!"

Ya saki shebur. Ya nufe ta zai yi godiya, ita kuma tana ja da baya, ta sa hankici ta rufe rabin fuska. Har idonta ya yi ruwa. Baiwar Allah, tun bai tafi ba ta fara kewarsa.

Ta shige ciki da sauri, ta dawo da guzuri: sabulu mai ƙamshi, sabon tawul, da soso. Ba ta ba shi a hannu ba, a kan dakali ta ajiye, irin na girmamawa. Ta nuna can bayan ɗakunan boyi-boyi. Na duba, ai kuwa arewa ne, ta nan Turai take. Ta kuma buɗe tagogin falo duka, don ya ƙara ganin hoton da kyau.

Sai ta ƙara wata magana da ƙarfi. Na tsinci "Wednesday" da "no work". Wato in bai shirya ba zuwa Laraba, kada ma ya sake zuwa aiki. Kin ji ƙauna! Wa ya taɓa jin an ce za a kori mutum in ya ƙi zuwa yawon buɗe ido?

Nwabueze yana ƙofar kicin, ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa, ya kasa magana. Baba ya ce a ƙyale shi, hassada ce, ya fi kowa daɗewa a gidan amma ko nan garin Bukuru ba a taɓa aikensa ba.

Ki zo ki ga gidanmu yanzu! Inna tana ta dambun nama da ƙuli-ƙuli. Ishola tela na kasuwar Terminus ya zo awon kwat, ya auna da sauri-sauri, ya ce sauran zai ƙarasa da ido. Baba ya tsara komai: jirgin ƙasa zuwa Ikko, jirgin ruwa zuwa can. Zai ga gidajen dutsen, ya ga tsohon cocinsu, ya tsaya a ɗauke shi hoto a kan gada, sannan ya tuɓe ya faɗa tafkin nan har yatsunsa su yi yaushi.

Inna ta ce to ko zai ɗan watsa ruwa kafin Laraba? Ya ce ina! Sabulun Madam bai dace da ruwan kogin Dilimi ba. Ya rantse a gaban kowa, ban da alwala, ruwa ba zai taɓa jikinsa ba sai na garin nan. Sabulun ma ya kulle a akwati. Jibi zai ɗora kwat a kan rigar aikinsa, ya shiga har tsakiyar falon Madam ya karɓo tikiti.

Ɗazu na tambayi Malama Ana ko ta san garin. Ta ce ƙwarai akwai shi, na gaske ne, har ruwan zafin. Da na fara ba ta labari sai tari ya sarƙe ta, ta fita waje.

Ga ƙararrawa nan! Don Allah Fadeke, don girman iyayenki, kar ki gaya wa kowa tukuna sai tikiti ya zo hannu, kin san bakin mutane. Sunan ma ke kaɗai zan gaya wa, kawo kunnenki: Bath. Malama ta ce wai a Turanci shi da "wanka" duk kalma ɗaya ce, kin ji Turawa da ƙarancin suna!