Buhun Farko na Dawar Baba

Baba, na kai buhun.

Ranar da za ka cika ka riƙe hannuna ka ce, "Alhasan, in an shiƙe dawa, ka ɗora buhun farko bisa jaki, Lahadi da safe." Na ce ina zan kai? Ka ce, "Sake mishi igiya kawai."

Tun ina yaro kake wannan fita. Duk Lahadi ka ce za ka kasuwar Wad Haddad, ka dawo da la'asar ba sukari ba ganyen shayi, kana wata waƙa ƙasa-ƙasa. Ni gwiwarka nake tausayi, wadda ko masallaci ba ta barinka zuwa.

A zaman makoki Kawu Muzammil ya ce mace ka ajiye a can. Inna ta ji daga bayan darni, tun ranar abinci ya daina shiga mata. Na tafi ne don in wanke sunanka.

Jakin bai bi hanyar kasuwa ba. Ya bi bakin tur'a, inda ruwan gonaki ke gudu, har kambo, wato sansanin 'yan ƙabilar Maban masu tsinkar auduga. Ya tsaya gaban wata doguwar bukka mai gicciyen kara a samanta.

Wata tsohuwa ta fito, wai ita Maryamu. Ta dubi jakin, ta leƙa bayana, sai ta zauna a ƙasa. Ba sai na faɗa mata ka rasu ba.

Can ta kama fuskata, ta ce da Larabci, "Kai ne yaron."

Ta ce wata damina hanyar asibitin Sinnar ta yanke, ka zo da ni a kafaɗa, cikina a kumbure, idona ya juye. Ba su da magani, sai kunu da addu'a da sunan Yesu. Da rana ta fito na nemi ruwa.

"Mutane da yawa sun warke a bukkar nan, ɗana. Ubanka ne kaɗai ya dawo. Ya durƙusa a ƙofa yana kuka, yana cewa bai cancanta ba amma an ji tausayinsa."

Zuciyata ta yi sanyi. Sadakar godiya ce ashe, ba mace ba. Har na fara shirya yadda zan gaya wa Inna.

Na shigar da buhun ciki. Mutane na zaune a kan benci, manya da yara, shiru, kowa idonsa a ƙofa. Na tambayi Maryamu me ya hana su farawa. Ta gaya mini.

Baba, ni na yi maka wanka, ni na tsaya bayan liman. Inna har yanzu tana kallon bakina. Ban gaya wa kowa ba tukuna cewa kai suke jira ka buɗe musu addu'a, kai da suke kira Fasto Yohanna.