Wankin Baba Tinuke

Kwana goma sha ɗaya ke nan Baba Tinuke yana bin rumfunan Otigba, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ɗaya bayan ɗaya, yana kife kwamfutocin mutane yana karanta lambar da ke bayansu. Ba wanda ya hana shi. Duk kasuwar mun san 'yarsa Tinuke na cikin fasinjojin da aka tare a hanyar Ore aka shiga daji da su, da jakar kwamfutar ofis rataye a kafaɗarta. Har yau ba kira, ba saƙo, wayarta a kashe.

Kafin wannan abu, in ana maganar wanki a Ikeja sunansa ake fara kira. Ba wankin kaya ba. A jikin allon da ke can cikin kwamfutar cinya akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, bai fi ƙwayar wake ba. A cikinsa masu ƙira ke binne dokokinsu: kada ta karɓi batirin da ba nasu ba, kada ta yarda da katin intanet na wani. Wasu har da ɗan rahoto a ciki, wanda ko an goge komai, da zarar ta shaƙi intanet sai ya gaya wa masu ita inda take.

Baba Tinuke yakan ɗaga wannan abu da iska mai zafi, ya dasa wani da ya tsabtace. Wanda ya cire kuma ba ya yarwa. Sai ya sa shi a 'yar takardar da ake zuba ƙwayar magani, ya rubuta sunan mai shi da ranar, ya jefa cikin gwangwanin madara. Ya tsani ɗan rahoton nan tsana ta gaske, wai a kan me wani zai zauna a ofis yana leƙen ɗan mutane. Mun sha tsokanarsa cewa ko rediyon gidansa bai tsira ba.

Rana ta uku da ɓatan Tinuke, kamfanin magungunan da take yi wa aiki ya turo wani Mista Okorie, mai kula da na'urorinsu. Shi ya kawo abu ɗaya tilo da za a iya sa rai a kansa. Ya ce duk kwamfutocin ma'aikatansu suna da ɗan rahoton, sai dai ba sa waiwayarsa sai abu ya ɓace, kuma yanzu sun tashe shi. Masu garkuwa ba sa yar da kwamfuta, sayarwa suke yi. Ranar da wani ya kunna ta za a ga unguwar, daga nan 'yan sanda su bi sawun mai sayarwa har dajin.

Iya Tinuke, uwar yarinyar, ta riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Kullum da safe sai ta hau danfo, motar haya, zuwa ofishin, ta zauna a benci tana kallon allon Mista Okorie har a tashi. Ta rame, amma ta daina kuka. Abin tausayi ne, tana ma dafa abinci, wai kada yarinyar ta dawo ta tarar da tukunya a bushe.

Shi kuwa mijin bai taɓa taka ofishin ba. Kasuwa yake bi da ƙafa, da tabarau a karan hanci.

"Oga, ka zauna haka nan mana," in ji Chidubem, mai rumfar da ke jikin tasa. "Shugaban layi ya yi shela, ba mai wanke irin samfurin nan sai ka gani. Kwamfutar da bakinta za ta yi kira. Kai da ka fi kowa sanin abin, kai ne kake yawo kamar ɗan dako?"

"Bari in ƙarasa layin baya," ya ce, ya wuce.

A rana ta goma sha biyu Mista Okorie ya zo rumfar da kansa, Iya Tinuke na biye da shi. Shirun ɗan rahoton ya fara damunsa.

"Baba, abu ɗaya nake tsoro. Kada ta faɗa hannun wanda zai cire shi kafin a kunna. Tsakani da Allah, mutum nawa ne a kasuwar nan za su iya?"

"Uku."

"Su wane ne?"

"Ɗaya ya rasu bara. Ɗaya ya koma Aba, ido ya hana shi aiki."

Mista Okorie ya saki ajiyar zuciya, har da 'yar dariya. Iya Tinuke ta ɗaga hannu sama.

"To ka ji, Baba Tinuke, Allah ya rufa mana asiri, saura kai kaɗai. Kwamfutar nan ba ta taɓa barin yarinyar nan ba. Ko Lahadi ta zo cin amala, da ita take zuwa ta aje a teburinka. Ba za ta bar ta yanzu ba. Ka ci abinci, don Allah, dubi wuyanka."

Ya ce to. Ya raka su har bakin titi, ya tsayar musu da danfo, ya tsaya har ta ɓace cikin cunkoso.

Da ya dawo sai ya ja ƙofar rumfar rabi, ya sauko da gwangwanin madara. Bai sha wahalar neman 'yar takardar ba, don kullum sai ya ciro ta ya mayar, tana nan a sama. Ya juya 'yar takardar a tafin hannunsa, ɗan baƙin abin mai ƙafa takwas yana motsi a ciki. A bayanta, da rubutun hannunsa, an sa sunan Tinuke da ranar: wata Lahadi, tara ga watan jiya.