Hannuwan da Suka Riƙe Ƙwai

Kai ɗan ƙanwata, ɓarawon basira ne kai, kuma a gaban kowa zan faɗa.

Ka zo rumfata da motocin alfarma uku na aro, ta Japan, ta Koriya, ta China, ka rasa wadda za ka ce wa masu kallonka a intanet ta fi. Na ce, "Bar surutun inji, yaro. Shekara talatin ina dakon ƙwai. Sa ni a baya da kiret ɗaya, mu bi hanyar ramuka."

Kai, daɗi! Kujera na yi mini tausa a baya, labule na rufe kansa. Motar farko ta fasa ƙwai huɗu, ta biyu ta fasa ɗaya. Ta uku kuwa ko motsi ƙwan bai yi ba, har na ce ka ƙara zagayawa.

Jiya jikata ta nuna mini bidiyon. "Gwajin da na ƙirƙiro," in ji ka. Ka yanke fuskata, ka bar hannuwa biyu riƙe da kiret.

Mutum dubu ɗari sun ga tabon ƙunar da ke yatsana. Fito ka gaya musu hannun wa ne.