Motar Yaya Ta Ɗau Zafi

Allurar zafin inji ta sake hayewa ja. Yaya ya gangara gefen titi.

"Auta, ka kuwa zuba koren ruwan lagireton nan?"

"Da hannuna, har ya cika."

Na leƙa injin, na haɗe rai irin na masana. Ai na taɓa zama a gareji.

"Gaskit ne, Yaya. Injin dizal in ya fara shanye ruwa, sai an sauke shi."

Ya dafe kai. Da motar nan yake ciyar da mu.

Muna zaune, tsuntsu ya yi kashi a gilashi. Yaya ya ja waifa, sai ga koren ruwa ya feso. Ashe a tankin waifa na juye shi.

Ya daɗe yana kallona.

"To injiniya, gilashi dai ba zai yi zafi ba."