Tarihin Gidan Abincinmu

"Da tukunya ɗaya mahaifina ya kafa gidan abincin nan," in ji manaja. Sababbin ma'aikata suka tafa.

Tsohuwa mai wanke-wanke ta tsaya cak da kwanuka a hannu. Tukunyar tata ce. Ita ta sha hayaƙi a bakin titi, ƙaninta yana tarbar masu saye, har rumfa ta zama bene, suna ya zama nasa.

"Gwaggo, matsa mana, kin tare musu hoton Baba," manajan ya ce.

Ta matsa. Ga ƙanin nata, mahaifin manajan, a cikin hoton yana murmushi a gaban murhu. An yanke gefen hoton tuntuni. Abin da ya rage nata hannu ne kawai, riƙe da ludayi.