Ƙunshin Kan Dutse

A kogon dutsen da ke bayan gonarsu ta ɓoye ƙunshin kayanta, sannan ta dube shi ta ce, "Ban da damina. Baba ba shi da ɗa namiji, wa zai yi masa noma?"

Shi ɗan masunta ne daga Kalgo, ita ɗiyar wani malami a Gwandu, kuma malam ya riga ya ce a'a. Don aikin ya ƙare su gudu da wuri, sai ya saɓi fartanya ya shiga gonar malam.

Da kaka ta ce a bari gero ya shiga rumbu, ya yi girbi. Da rani ta ce ɗakin Inna na son baibaya, ya hau ya baibaye. Haka har shekara uku.

Ranar da suka tsayar, suka hau dutsen da hantsi. Sai ga malam zaune a bakin kogon, ƙunshin bisa cinyarsa.

"Gara ta ci zannuwan bara, na sayo miki wasu," ya ce wa ɗiyarsa. Sannan ya juyo ga saurayin. "Kai kuwa, tun girbin farko nake jiran magabatanka."