Cikin Fari na Guguwa

Guguwa ta sake tsallake katanga.

Kafinta ya yar da zarto ya bi ta a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, maƙwabta na yi masa dariya. Karya ce matashiya, ja, mai dogayen ƙafafu. Wani da ya yi wa ƙofofi ne ya ba shi ita don gadin gida, amma gadi kam ba ta taɓa yi ba. Aikinta korar kaji, tsinka igiyar shanya, da daka wa duk wanda ya shigo tsalle a ƙirji.

Da ta fara ƙin abinci sai ya kai ta wurin likitan dabbobi. Likita ya shafa cikinta, ya yi murmushi.

"Malam, ka kusa zama kaka. Ciki ne, na fari. A ba ta abinci kaɗan-kaɗan, a riƙa zagayawa da ita, amma ban da gudu da tsalle."

"Wannan, likita? Gara ka ce in hana ruwa gangara."

Daga ranar kafinta ya zama wani mutum. Shi da matarsa sun daɗe da aure, gidan shiru ba kukan yaro, har dangi sun gaji da tambaya, su ma sun daina tayar da zancen. Yanzu ga ciki ya shigo gidan, ko da na karya ne, sai ya rungume shi hannu bibbiyu.

Ya ƙara wa katanga tsawo da katako. Ya sayi igiyar wuya mai taushi. Kullum da safe ya dafa kan kifi da ƙashi a tsakar gida, yana fifita wuta yana 'yar waƙa. Matarsa, wadda yake kira Tela saboda sana'arta, sai ta toshe hanci ta yi bayan ɗaki da sauri.

"Maigida, wannan ƙarnin zai kashe ni."

"Ke dai faɗi gaskiya, ba kya son Guguwa."

Ya mayar da tukunyar ƙofar gida.

Ciki ya fito, amma rawar kai ba ta ragu ba. Da yamma in ya fita zagayawa da ita, masu shaguna kan yi gardama a kan wa ke jan wani. Har yanzu tana daka masa tsalle, tana yi wa mai kawo ruwa. Tela kaɗai ta ɗaga wa ƙafa. Sai ta je ƙofar ɗakin ɗinki ta kwanta lamo, ta ɗora haɓa a kan dokin ƙofa.

"Ikon Allah," in ji kafinta. "Ni ke dafawa, ke ake so."

Wata rana yayarsa ta zo ziyara. Ta leƙa ta ga Tela na gyangyaɗi a kan keken ɗinki da rana tsaka. Ta waiwaya ta ga ƙanenta durƙushe yana auna cikin karya da tef.

"Ƙanena, kana dai lura da gidanka?"

"Sosai, Yaya. Ko jiya sai da na duba haƙoranta."

Yaya ta yi dariya har da share ƙwalla. "Allah ya shirye ka," ta ce, ta shige wurin Tela ta ja ƙofa.

Da lokaci ya matso, ya ƙera akwatin haihuwa da katakon da ya fi kowane kyau a shagonsa, ya goge shi sumul, ya shimfiɗa tsohon bargo. Guguwa ta sansana, ta ciro bargon, ta yayyaga shi, ta yi tafiyarta. Yana tsince tsummokaran Tela ta ce, "Maigida, in ka samu sarari ina so mu zauna." Kafin ya amsa, wata kyanwa ta gilma ta kan katanga, Guguwa ta zabura da ƙaton cikinta, shi ma ya zabura.

Wata safiya ya fito da tukunya, ba Guguwa.

Ya duba bayan tankin ruwa da ƙarƙashin tarin katako. Ya bi layi yana fito. Ya leƙa garejin makanikai, ya zaga bola, ya tsaya bakin babban titi yana duban kwalta, ko mota ta buge ta. Dama likita ya taɓa gaya masa cewa masu cikin fari kan ruɗe, su haihu a inda bai dace ba. Rana ta take ya dawo gida, gumi sharkaf, maƙogwaro a bushe.

Tela na tsaye a ƙofar ɗakin ɗinki, yatsa a kan leɓe.

A ƙarƙashin teburin yankan yadi, Guguwa ta jawo wani kwali daga bayan tarin yadi, ta zazzage shi, ta haihu a kan kayan da suka zubo. 'Yan kwikwiyo biyar, idanu a rufe, suna ture juna wurin nono. A karon farko a rayuwarta tana kwance shiru, sai jela kawai ke bugun ƙasa.

Kafinta ya durƙusa, idonsa ya ciko. Ya sa hannu a hankali ya zaro wani ƙyalle da ya jiƙe don ya sauya mata. Da ya warware sai ya ga 'yar riga ce, ba ta fi tafin hannunsa biyu ba, har da maɓallai. Ga wata, ga kuma wata. Ya fashe da dariya.

"Ashe son ɓoye kike mata! Har riguna kika ɗinka musu? Sai dai Tela, yau kin kwafsa. Hannu biyu kika sa, su kuwa ƙafa huɗu gare su."

Ta karɓi rigar, ta kakkaɓe, ta shimfiɗa ta a kan cikinta.

"Ɗinkina daidai yake, Maigida. Mai ita hannu biyu gare shi, sai dai shi ba ya gaggawa irin ta 'ya'yan Guguwa, da sauransa wata biyar."